Takwas ta koma sifili: yadda aka gano ciwon wata tsohuwar kalkuleta mai koren haske

Kalkuletar ta zo hannuna a naɗe cikin ƙyallen atamfa, an ɗaure da roba wadda ta bushe har ta manne da ƙyallen. Kawuna ne ya zaro ta daga ƙasan akwatin ƙarfe ranar da ake kwashe kayan ɗakinsa za a yi sabon rufi. Ya miƙo min ya ce, "Ungo, Injiniya. Kai da ba ka barin rediyo ta zauna lafiya, duba min wannan. Wai gilashinta ne ya ƙone." Ni malamin makaranta ne, gyaran ƙananan kayan lantarki kuwa aikin ranar Asabar ne kawai. Amma tun ina sakandare yake kirana haka, har yau ban tantance yabo ne ko zolaya ba.

Ƙirar Jafan ce, tsawonta ya ɗan ɗara tafin hannu, tana cin ƙananan batura huɗu. Gurbin lamba takwas gare ta, da wani na tara a can hagu wanda ba ya nuna komai sai alamar ragi da ta kuskure. Kawu ya saye ta a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji suka cika kasuwa, lokacin yana yaron shago a Kantin Kwari. Da ya zo da ita shekara uku kafin nan, da dariya za a yi masa. Kafin 1 ga Janairu 1973 lissafin kasuwa na fam da sule da kwabo ne, sule ashirin fam guda, kwabo goma sha biyu sule guda, na'urar da ke ƙirga goma-goma ba ta da abin da za ta tsinana a nan. Sai da naira ta zo da kwabonta 100 sannan kalkuleta ta sami wurin zama a kan kanta. Farashi ma ya taimaka, domin tun da Casio ta fitar da Casio Mini a 1972 a kan yen 12,800, kamfanonin Jafan suka shiga rige-rigen karya kuɗi.

Ta yi masa hidima shekaru, har ya buɗe nasa shagon. Ranar da suka ɓata, wani baƙonsa daga Damagaram ne ya ɗebi atamfa turmi 40, kowanne naira 47. Kawu ya ƙiyasta a ka kuɗin sun doshi dubu biyu. Ya danna, ta nuna masa 1000. Ya share ya sake, 1000. Ya jawo biro ya buga a bayan kwali, 1,880. Da ya dudduba sai ya ga sauran lambobin ma duk sun zama guntaye, biyu ba biyu ba, biyar ba biyar ba. Ya kai wa wani mai gyaran rediyo, mutumin ko buɗewa bai yi ba ya ce gilashi ya ƙone, kuma babu irinsa a gari. Kawu ya sayi sabuwa mai baƙin rubutu, ya naɗe wannan ya jefa akwati, da baturanta a ciki.

Ban buɗe ta a ranar ba. Na zauna da labarin tukuna, domin labarin ya riga ya nuna hanya. Takwas ba ta zama sifili sai sandar tsakiyarta ta mutu, ga shi kuma takwas biyu ne suka mutu tare, a gurbi biyu daban. Kawu ya tabbatar min ko'ina ya danna lamba, cikinta babu. To wace irin ƙuna ce za ta bi gurbi takwas ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi sanda iri guda a kowanne, a rana guda?

Abin da ke cikin gilashin

Allon nan ba jan LED ba ne irin wanda kamfanonin Amurka suka fi so, kamar na kalkuletar HP-35 ta 1972. Ba kuma LCD ba ne mai baƙin rubutu da ya kori kowa daga kasuwa wajen ƙarshen shekarun 1970. Kwalba ce mai faɗi da aka zuƙe iskar cikinta, 'yar'uwar bawul ɗin tsofaffin rediyo, ana ce mata VFD. Kamfanin Ise Electronics na Jafan ne ya fito da ita a 1967, aka huta da tsofaffin kwalaben nuna lamba na Nixie masu neman wuta wajen bolt 170.

Abu uku ne a ciki, a jere daga gaba zuwa baya. Da farko zare, wato wayoyin tangistin da suka fi gashin kai siranta, a miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an shafe su da sinadarin da ke sakin ilektiron idan ya ji zafi. Zafin wajen digiri 600 ne, bai kai ya haska ba, sai a ɗaki mai duhu ƙirin za ka hango ɗan ja-ja. Bayan zare sai raga, kowane gurbi da tasa, ita ce mai tsaron ƙofa. A can ƙasa kuma sanduna, bakwai da ɗigo, an shafe su da hoda mai ƙyalli. Idan ragar wani gurbi da wata sanda suka sami wuta da ta ɗara ta zaren da bolt ashirin da wani abu, sai ilektiron su kwararo ta cikin ragar su daki hodar, ta yi haske.

Gurbi tara, kowanne da sanda takwas har da ɗigo. Da za a ba kowace tata waya, da an nemi 72. Amma ƙafafun kwalbar da na ƙirga 19 ne: biyu na zare, tara na raga, takwas na sanduna. An ɗaure duk sandunan sama a waya guda, duk na tsakiya a waya guda, haka har ƙasa. Ƙwaƙwalwar injin, wadda masu gyara ke ce wa ayisi, gurbi ɗaya take buɗewa a lokaci guda, ta kunna sandunan da yake bukata, ta rufe ta wuce na gaba, tana zagayowa fiye da sau ɗari a daƙiƙa. Ido ba ya iya bin ta, sai ya ga duk a kunne, kamar yadda yaro ke kaɗa bakin wuta da dare ka ga zobe.

Wanda ya riƙe wannan, allon da kansa zai gaya masa inda ke ciwo. Sanda guda ta ɓace a ko'ina, to wayarta ce, ko ƙafar ayisin da ke tuƙa ta. Gurbi guda ya mutu ɗungurungum, layin ragarsa ne. Duk allon ya dusashe, a nemi wutar da ke ciyar da shi. Ba a zargin kwalbar kanta sai zare ya tsinke, ko iska ta shiga, ko sanda guda ta mutu a gurbi guda tak.

Buɗewa

Murfin batir sai da na sa bakin sukundireba. Baturan huɗu sun kumbura sun fashe, irin na gama-gari ne masu jikin tutiya, ba alkalin ba. Bambancin yana da amfani. Alkalin idan ya yi yoyo, farin gari yake bari, ruwan lemon tsami ko ruwan khal ke kashe shi. Na tutiya kuwa ruwansa mai tsami ne, jikin batir ɗin kansa yake ci ya fito, ya bar tsatsa mai danshi, maganinsa bekin soda a ruwa. Matata ta ce me zai hana kanwa, tunda dangi ne. Dangi ne kam, amma kanwar kasuwa da yashinta da gishirinta take zuwa, ba na so a fanel, wato faifan da kayan lantarkin ke zaune a kai.

Kafin na ɓata lokaci sai na duba abubuwa biyun da idan sun mutu an gama magana. A kusurwar kwalbar akwai wani tabo mai sheƙi kamar bayan madubi, bariyom ne da aka fesa don ya shanye ragowar iska. Muddin yana baƙi-baƙi yana sheƙi, kwalba na rufe. Idan iska ta shiga, fari fat yake komawa kamar alli, kuma wannan ba ta da gyara. Nata yana nan da sheƙinsa. Ɗan bututun gilashin da aka zuƙe iskar ta cikinsa ma bai fashe ba, na naɗa masa tef don kada hannuna ya taɓa shi. Sai zare. Na sa mitan awon lantarki a ƙafar farko da ta ƙarshe, ya ba ni om talatin da 'yan kai. Zare bai tsinke ba. Gilashin da aka ce ya ƙone dai, ga shi da alamun rai.

Ƙarshen hunturu ne, lokacin da mutum ke cire riga ya ji tartsatsi. Ayisin wancan zamanin tartsatsin da bai kai ka ji ba ma yana iya kashe ta, kuma ba ta da madadi a shago, sai dai a ciro daga wata gawar irinta. Don haka na cire takalmi na taka siminti, na shimfiɗa ƙyallen auduga, kuma duk lokacin da zan kai ayan ɗin narka dalma kusa da ita sai na bari ya yi zafi na zare shi daga soket.

Na wanke gidan batir, na kankare ƙarafunan, na sauya waya guda da ta rube. Akwai ramin adafta a gefe, ban bi ta nan ba, domin tsofaffin injina ba su da tsari guda, wata tsakiyar fulogin ne tarawa, wata ragi, juyi ɗaya kuma ya isa. Da sababbin batura na kunna ta, na ratsa mita a tsakani don in ga abin da take ja. Takardar bayanta ta rubuta wat 0.45, wato wajen miliamf 75 a bolt 6. Mita ya nuna kusa da haka, babu inda wuta ke zurarewa. Sai wani siririn fito ya taso daga ƙaramin taransifoma, sifili ya bayyana a dama, dishi-dishi yana rawa, sai na kare da hannu nake ganinsa.

Na danna takwas har sau takwas. Abin da ya fito: sifili bakwai, da giɓi a gurbi na uku daga dama. Na cire biyar daga uku, wata guntuwar biyu ta fito, babu alamar ragi a hagu, domin ita ma a wayar sandar tsakiya take. Wato da Kawu ya ci gaba da aiki da ita, bashi da riba kala ɗaya za su riƙa fito masa. Ciwo uku ke nan a jiki guda: dusashewa, mataccen gurbi, da sandar tsakiya.

Biyun farko ba su ba ni wahala ba. Bolt 6 na batura ba ya kunna irin wannan allo, shi ya sa akwai tiransisto guda da ɗan taransifoma da ke ɗaga wutar. A waɗannan injina ɓangaren tarawa shi ake ɗauka sifili, wutar allo kuma ƙasa da sifili take. Na auna na sami 17, alhali irinsu tsakanin 24 da 30 suke zama. Kafasita uku ne a wurin, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, ɗaya robar gindinta ta bulluƙo. Na sauya duka ukun da sababbi daga Sabon Gari, masu jure bolt 50 a madadin 35. A nan ne hannu ke yaudarar mutum, domin ya saba kai ƙafar ragi ƙasa, a wannan fanel kuwa ta tarawa ce ke zuwa can. Na ɗauki hoto kafin cirewa, shi na bi. Wuta ta hau 26, fiton ya lafa, allo ya haska har ana karantawa da rana. Mataccen gurbin kuma da na latsa ƙafar ragarsa da tsinken sakace sai ya farka. Dalmar da ke riƙe da ƙafar ce ta tsage zobe guda kewaye da ita. Ɗigon sabuwar dalma ya rufe zancen.

Sandar tsakiya

Nan ne na sha ƙasa, kuma laifina ne.

Masu laifi uku ne kawai za su iya zama: haɗin cikin kwalba, layin tagulla da ke kan fanel, ko ayisi. Na fara da kwalba. Da yake wutar sifili ce ke kunna sanda, sai na ɗauki rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 10, na riƙe bakinsa ɗaya a ɓangaren tarawa na batir, na taɓa ɗayan a ƙafar sandar tsakiya. Nan take layi ya ratsa allon daga hagu zuwa dama, kowane sifili ya zama takwas, alamar ragi ma ta fito. Na daɗe ina kallo. Gilashi lafiyarsa ƙalau, shekara da shekaru yana zaman kaso a kan laifin da bai yi ba.

Saura biyu. Na kashe ta, na juya mita zuwa inda yake ƙara idan layi a haɗe yake, na bi layin da ido daga ƙafar kwalba zuwa ɗaya daga ƙafafun ayisi 28, na ɗora tsinke ɗaya nan ɗaya can. Mita ya yi ƙara. Na sake, ya sake yi. Na ce to layi ya fita daga zargi. Na kunna ta, na cika allon da takwas, na auna ƙafar kwalbar. A sauran sanduna mita yana sauyawa: idan takwas ne a allo lambar ta matso kusa da sifili, idan ɗaya ne, a sandunan da ɗaya ba ta kunnawa, ta koma can wajen 26. Ta tsakiya kuwa tana kafe a 26, ko me na danna. Kwalba lafiya, layi lafiya, umarni ba ya zuwa. Sai na yanke hukunci: ɗan tiransiston da ke cikin ayisi mai tuƙa wannan sanda ya mutu.

Kwana biyu na yi da wannan hukunci a raina. Har na fara tunanin yadda zan faɗa wa Kawu, har na fara tambayar 'yan gwangwan ko suna cin karo da irinta. Na kai zancen wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda ya fara sana'a tun zamanin bawul. Ya saurare ni yana ta fama da wata fanka, sannan ya ce, "Malam, a ina ka auna?" Na ce a ƙafar gilashi, Baba. Ya ce, "To ita wadda kake zargin, ka tambaye ta?" Bai ƙara ba, ya koma kan fankarsa.

Da daddare na kunna ta, takwas a allo, na kai tsinken mita kan ƙafar ayisin kanta. Sifili. Na mayar kan ƙafar kwalba, 26. Waya guda ba ta zama da wuta iri biyu a bakinta biyu. Ina cikin wannan mamaki na sake danna tsinken a ƙafar ayisi, na ɗan ƙara ƙarfi don in tabbatar, sai sandar tsakiya ta yi walƙiya a duk allon. Na sassauta hannu, ta ɗauke. Na danna, ta dawo.

Hannuna ne ya ruɗe ni tun farko. Fanel ɗin na takarda ne da aka dafa da ƙaro, ruwan ƙasa, siriri, yana lanƙwasa. Duk sanda na ɗora tsinken mita biyu na danna don in ji ƙara, sai ya ɗan lotsa, bakin tsagar ya haɗu, mita ya shaida min ƙarya da gaskiyarsa. Abin da ya sa ƙafar kwalba ta kafe a 26 kuwa, kowane layi yana da rezisto mai ja da shi ƙasa idan ayisi ta sake shi, don sanda ta mutu sarai. Na wannan layin a ɓangaren kwalba yake, bayan tsagar. Shi yana ta ja, ita kuma ayisin tana can tana ba da umarni babu mai ji.

Gano wurin ma sai da dabara. Da ido layin lafiya yake, koren fentin da ke kansa ko ƙwarzane babu. Na kashe fitila, na sa tocila a bayan fanel. Irin wannan fanel yana barin haske ya ɗan ratsa, tagulla kuwa ba ta bari, sai layukan suka fito baƙaƙe kamar jijiyoyin ganye. Na bi nawa da kyamarar waya a zuƙe. Inda ya karya kwana ya bi ta gefen gidan batir, baƙin ya koɗe ya zama toka-toka tsawon ƙwayar shinkafa, a tsakiya kuma ga wani siririn zaren haske ya gitta shi. Na kankare fentin da bakin reza. A ƙasa babu tagulla mai ja, sai wani baƙin abu mai marmashi. Ruwan batir ya shiga ta gefe ya bi ƙarƙashin fenti yana ci a hankali, ya bar sama sumul.

Wasu za su ɗiga dalma a kan tsagar su rufe. Ban yarda da wannan ba, domin dalma ba ta kama ruɓaɓɓiyar tagulla, ko ta kama, lanƙwasa ɗaya za ta sake tsagewa. Na kankare har inda na sami ja mai sheƙi a kowane ɓangare, na wanke wurin, na zaro sili guda daga cikin wayar tsohuwar caja, na kwantar da shi a kan layin na kama bakinsa biyu. Masu gyaran waya jamfa suke ce wa wannan, ba dai ta sawa ba. Na shafa man farce mara launi a kai. Layuka biyu na maƙwabta su ma sun fara cin, na yi musu haka tun kafin su nemi a yi.

Na kunna. 88888888, kowace da ɗamararta.

Da na mayar masa na ce, "Kawu, kafin ranar nan ta baƙon Damagaram, batir ya taɓa zubewa a cikinta?" Ya yi shiru, sannan ya ce ƙwarai, an yi haka wata shekara da ya tafi Hajji ya bar ta a shago. Da ya dawo ya goge da tsumma, ya sa sababbi, ta ci gaba da aiki, bai sake tunawa ba. Tsumma ya kwashe na sama, wanda ya shige ciki ya ci gaba da aikinsa.

Ta dawo da damina

Na ɗauka an gama. Cikin watan Yuli sai ga jikansa da ƙyallen atamfar, wai Kawu ya ce a gaya wa Injiniya ta fara ganin aljanu. Na kunna na ga abin da yake nufi. Lambobin daidai suke, amma sandunan da ya kamata su mutu suna wani ɗan haske kamar inuwa, har ɗaya tana neman kama da bakwai. Ba ko'ina ba, sanduna uku ne, kuma da na duba, ƙafafunsu a jere suke.

Zargina na farko ya tafi kan wani ɗan diyod da ke ɗaga wutar zare da 'yan bolt sama da layin 26, don duk sandar da aka sake ta zama ƙasa da zaren, ta kore ilektiron maimakon ta jawo su. Idan ya lalace, inuwa takan cika allo. Amma da shi ne, da duka sandunan za su yi, ba uku ba. Na auna duk da haka, lafiyarsa lau. Sai na hura iskar bakina a gindin ƙafafun kwalbar, inuwar ta ƙaru. Na ajiye ta kusa da fitila mai ɗumi na ɗan lokaci, ta ragu. Danshi ne.

Gishirin da batirin tutiya ke bari yana da ƙishirwa, yana zuƙar ruwa daga iska har ya jiƙe. A hunturun Kano a bushe yake ƙamas, ba ya ɗaukar wuta, shi ya sa ban ga komai ba a lokacin. Da damina ta sauka sai ya zama gada tsakanin layi da layi. Rezistocin da ke jan layukan ƙasa kuma manya ne, wajen kilo-om 100, ba su da ƙarfin ja, ɗan yoyo daga layin da ke kunne ya isa ya ɗaga maƙwabcinsa. Inda gishirin ya maƙale kuwa ƙarƙashin kwalbar ne, wurin da burushina bai kai ba a karon farko, ni kuma na ce ai ba komai.

Ban cire kwalbar ba, ƙafa 19 masu shekara hamsin ba abin wasa ba ne. Na ware fanel daga madannai, na karkata shi yadda ruwa ba zai gangara kan taransifoma ba, na riƙa tura tataccen ruwa da sirinji ta ƙarƙashin gilashin, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, mara asid. Na zura siririn ƙyalle ina ja gaba da baya, ya fito da launin ƙasa-ƙasa da kore. Sai da ya fito fari sannan na bi da sifirit, na bar shi kwana biyu a inuwa mai iska. Inuwar allo ta tafi, na hura mata numfashi ma ba ta dawo ba.

Abin da na bari

Gurabun hagu sun ɗan fi na tsakiya duhu, saboda sun daɗe ba a kunna su ba. Na bar ta da takwas takwas a kunne na 'yan sa'o'i, suka ɗan farfaɗo. Akwai masu ƙara wa zare wuta har ya yi ja na 'yan daƙiƙu don ya ƙone dattin da ke kansa. Takan yi aiki, takan kuma tsinka zaren, ni ban ga abin da zai kai ni caca da kayan Kawu ba. Gurbin ƙarshe na dama kuwa ba shi da magani. Shi ne ya yi shekaru yana nuna sifili daga safe zuwa magariba a kan kanta, hodarsa ta gaji. Idan ka danna takwas a nan, kewayenta dishi-dishi ne, sandar tsakiya kaɗai ke ƙyalli kamar sabuwa, don ita sifili bai taɓa mora ba.

Na kai masa bayan la'asar, yana zaune a zaure. Ya goge tabarau da bakin riga, ya ɗora ta a cinya, ya danna 47, ya danna sau, ya danna 40. Ya ɗaga ta kusa da fuska ya daɗe yana duban 1880. Sai ya cire biyar daga uku, ya sa yatsa a kan alamar ragin da ta fito a hagu, ya ce, "Yauwa, ga mai bin bashi ya dawo." Ya kashe, ya juya ta, ya zare baturan huɗu ya zuba a aljihu, ya ce wa jikan ya miƙo masa ƙyallen.